Kafin Inuwa Ta Rufe Daji: Furanni, Yara da Koyon Taimako

 Yau za mu yi nisa da gida, mu leƙa dazuzzukan ƙasashen sanyi, wato Birtaniya da arewacin Turai da gabashin Amurka da Kanada, domin mu duba wasu ƙananan furanni da ke fitowa a gindin itatuwa da zarar hunturu ya janye. Tambayar da za ta kai mu can kuwa ta cikin gida ce, duk mai ɗa ko mai ɗalibi ya san nauyinta: yaya ake yi yaro ya tashi da halin taimakon mutane? Abin da zan kafa hujja a kansa shi ne, da wuya ka sami yaron da ya rasa niyyar taimako tun asali. Abin da yake bukata daga wajen manya shi ne a koya masa lura, idonsa ya saba gano bukatar wanda bai buɗe baki ya roƙa ba, sannan a damƙa masa amanar wani abu da ya fi shi rauni. Furannin nan na gindin itatuwa suna cikin abubuwan da suka fi dacewa da wannan aiki, kuma dalilin da ya sa suka dace zai amfane mu ko da ba mu taɓa ganin su ba.

A waɗannan ƙasashe, manyan itatuwan daji kan zubar da ganyensu kakaf idan sanyi ya shigo, su yi watanni a tsaye ba ganye ko ɗaya. Daga watan Maris zuwa Mayu ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fara ɗumi, amma itatuwan ba su riga sun yi toho ba. A wannan ɗan tsakani hasken rana yana sauka har ƙasan daji. Makonni kaɗan ne kawai, domin da zarar ganye ya rufe sama, hasken da ke isa ƙasa yakan ragu zuwa kashi kaɗan cikin ɗari. To, akwai tsirrai da duk rayuwarsu ta shekara a cikin wannan tsakani take. Su tsiro, su yi fure, su yi iri, su tara abincin baɗi a cikin saiwa, sai ganyen ya bushe su ɓace, har wanda ya zo a watan Yuli ya rantse ba abin da ya taɓa fitowa a wurin. A daidai lokacin ne kuma sarauniyoyin wasu manyan ƙudan zuma masu gashi ke farkowa daga barcin hunturu da yunwa, kowace ita kaɗai za ta kafa sabon gida, kuma ruwan waɗannan furanni yana cikin abincin farko da take samu.

Wanda ya fi shahara a Birtaniya shi ne wanda suke kira bulubel. Tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba. Ganyensa sirara ne masu laushi, karansa yakan sunkuya gefe ɗaya, furanni shuɗaye masu siffar ƙararrawa suna reto a jere ta ɓangaren da ya sunkuya, bakin kowanne ya naɗe baya, ga ƙamshi. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu yakan malale ƙasan daji iyakar ganin ido, kuma ana ƙiyasta cewa kusan rabin bulubel na duniya a Birtaniya yake. Wanda ya ga yawansa zai ɗauka babu abin da zai iya yi masa illa. Alhali daga ranar da irinsa ya faɗi ƙasa zuwa ranar da zai yi furen farko, shekara biyar ce zuwa bakwai. Abincinsa yana ajiye a wani ɗan ƙwallo cikin ƙasa, wanda shi ne rumbunsa, kuma ganyen nan mai laushi kaɗai ke cika rumbun a 'yan makonnin da ake da haske. Idan ƙafa ta murƙushe ganyen, ya daina sarrafa haske ke nan, tsiron ya shiga baɗi da yunwa, kuma wurin da aka tattake yakan yi shekaru bai farfaɗo ba. Shi ya sa dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba, kuma tun 1998 laifi ne mutum ya tono bulubel a daji ya sayar. Akwai kuma wani farin fure, anemoni, wanda saiwarsa ke rarrafe a hankali ƙwarai cikin ƙasa, har masana kan ɗauki ganinsa a matsayin alamar cewa dajin tsoho ne. A Ingila tsohon daji shi ne wanda yake nan tun shekarar 1600 ko kafin nan, kuma irinsa yanzu bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na faɗin Birtaniya ba. A Kanada kuwa akwai tiriliyum, farin fure mai kunne uku da lardin Ontario ya ɗauka alamarsa tun 1937. Shi yakan kai shekara bakwai zuwa goma kafin ya yi fure, kuma idan aka tsinke shi haɗe da ganyensa uku, an raba shi da abincin shekarar gaba ɗaya. Ku lura da wannan lissafi, masu sauraro: furen da yaro ɗan shekara shida ya miƙa hannu zai tsinka ya girme shi.

Mu bar daji tukuna, mu koma kan yaron. A shekarar 2006, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Felix Warneken da Michael Tomasello, na cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da yara 24 'yan wata goma sha takwas, waɗanda magana ma ba ta zauna a bakinsu ba. Wani mutum da ba su saba da shi ba yana shanya a gabansu, sai ɗan abin maƙale tufafi a igiya ya suɓuce masa ya faɗi, ya miƙa hannu bai kai ba. Ko kuma ya rungumo kaya da hannu biyu ya nufi kabad, ƙofar tana rufe, yana ta tunkuɗarta ta ƙi buɗuwa. Bai roƙi yaron ba, bai yi masa alkawarin komai ba. Yara 22 cikin 24 suka taimaka aƙalla sau ɗaya, galibi cikin daƙiƙa kaɗan: wannan ya tako ya ɗauko abin ya miƙa, wancan ya je ya buɗe ƙofar. Inda gwajin ya fi ba da ma'ana shi ne, idan mutumin da gangan ya jefar da abin bai nuna yana son sa ba, yaran ba su cika kula ba. Wato ba son ɗauke-ɗauke ne ya motsa su ba. Sun karanta bukata a fuskar mutum da motsin hannunsa, suka amsa. Ke nan niyya tana nan tun yaro yana tatata, kuma abin da ke tayar da ita gani ne.

Idan haka ne, me ya sa hanyoyin da muka fi dogara da su ba sa kai mu inda muke so? Hanyar farko ita ce tukuici. Masanan nan biyu suka sake wani gwajin a 2008 da yara 'yan wata ashirin. Wasu aka riƙa ba su abin wasa duk sanda suka taimaka, wasu aka yaba musu da baki, wasu kuwa ba a yi musu komai ba. Da aka daina ba da komai, waɗanda aka saba wa kyauta su ne taimakonsu ya ragu ƙwarai, sauran suka ci gaba kamar da. An mayar musu da alheri ciniki, da ciniki ya tsaya sai suka tsaya. Wani zai ce ai mu ma da lada muke kwaɗaitar da yaranmu. Haka ne, amma lada ba ta faɗowa hannu nan take, kuma sharaɗinta mutum ya yi domin Allah, ba don a gani ba, saboda haka ba hanyarta ɗaya da alewar da ake miƙa wa yaro don ya ɗauko buta ba. Hanya ta biyu ita ce nasiha da baki. Tun 1970 James Bryan da Nancy Walbek a Amurka suka gwada 'yan makaranta: wani ya yi ta yaba kyauta a gabansu amma ya riƙe nasa, wani ya yi maganar rowa amma ya bayar. Hannun yaran ya bi abin da aka aikata, bai bi abin da aka faɗa ba. Sai hujja ta uku, wadda ta fi kusa da mu. A 1975 Beatrice da John Whiting na jami'ar Harvard suka wallafa nazarin da aka yi na rayuwar yara a garuruwa shida, a Kenya da Meziko da Filifin da Japan da Indiya da Amurka. Yaran da suka fi nuna kulawa da taimako su ne na wuraren da ake ba su aikin gaske, raino da ɗiban ruwa da kiwo da aike, kuma yaran ƙauyen Kenya suna sahun gaba. Na garin Amurka, waɗanda aikinsu bai wuce gyara ɗakinsu ba, suna can baya. Yaron da wani rai ya dogara da shi, shi ke koyon kulawa.

To, a nan ne furannin suka shigo. Ɗan Adam yana da wani rauni da masana ilimin tsirrai biyu na Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, suka yi rubutu a kansa a ƙarshen shekarun 1990: idonmu yana kama dabba da duk abin da ke motsi, amma tsirrai sai mu ɗauke su kore kawai, shimfiɗar da ake takawa. Yaron da aka shiga da shi dajin bulubel, abin da zuciyarsa za ta fara raya masa shi ne ya ruga a guje ta tsakiyar furannin. Ba mugunta ba ce, murna ce. Aikin malami a wannan lokaci shi ne ya sa shi ya durƙusa a bakin hanya, ya ɗaga kan fure ɗaya da yatsa, ya ga ƙudan zuma ta shige ciki har rabin jikinta, ya duba gefe ya ga wasu 'yan siraran ganye kamar ciyawa, a gaya masa cewa waɗannan jarirai ne, sai ya shiga aji shida za su yi fure. Daga ranar ƙasan daji ta daina zama shimfiɗa a wurinsa. Ya san akwai mai rauni a ƙarƙashin takalminsa, wanda ba ya kuka, ba ya gudu, ba ya ramawa, ba ya kuma godiya. Irin wannan koyarwa tana da tarihi. Makarantun yara na cikin daji sun fara a Denmark a shekarun 1950, kuma a 1993 wasu malamai daga kwalejin Bridgwater da ke Somerset suka ziyarci ƙasar suka kawo tsarin Ingila, inda ya bazu. Ni a ganina darajar furen a tarbiyya tana cikin shirunsa. Mabukaci mai ihu kowa yana jin sa. Amma yawancin mutanen da suka fi bukatar taimako a kowace unguwa ba sa magana: tsohuwar da ta daina fitowa ƙofar gida, ɗalibin da ke zama a aji lokacin tara domin ba shi da abin sayen abinci, maƙwabcin da kunya ta hana shi roƙo. Yaron da bai iya ganin abin da ya yi shiru ba zai wuce su duka, zuciyarsa fes, bai ma san ya wuce kowa ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba ƙananan hujjoji suke da su ba. Na farko masana ilimin halittu ne, waɗanda ke cewa daji ba makarantar kirki ba ce, kuma duk wanda ya gaya wa yara cewa furanni da ƙwari suna taimakon juna saboda tausayi ya yi musu ƙarya. Mu ɗauki misalin da aka fi so a ba yara. Irin tiriliyum yana da wani ɗan ƙullutu mai maiƙo a jikinsa. Tururuwa takan ja irin zuwa raminta, 'ya'yanta su cinye ƙullutun, sannan ta watsar da ƙwayar a jujin ramin, inda ƙasa ke da taki kuma ɓera bai cika samunta ba. Tsirrai sama da iri 11,000 a duniya da tururuwa suke bazuwa. Labari ne mai daɗi, amma tururuwar cikinta ta bi, furen kuma biyan ta ya yi. Fitowar furannin da wuri ma tsere ne da inuwa. A shekarun 1970 wani masani, Robert Muller, da ke bincike a dajin Hubbard Brook na jihar New Hampshire, ya nuna cewa wani fure rawaya na gindin itatuwa yakan tsotse sinadaran ƙasa a lokacin da ruwan narkewar ƙanƙara zai wanke su, sannan ya mayar da su idan ganyensa ya ruɓe, itatuwa su amfana. Bincike na baya ya nuna ƙananan halittun cikin ƙasa sun fi furen yin wannan aiki. Haka nan batun da ya bazu bayan binciken Suzanne Simard na 1997, cewa itatuwa suna tura wa juna abinci ta zaren naman gwari da ke haɗa saiwoyinsu, har ana cewa uwar itace tana shayar da 'ya'yanta, a 2023 wasu masana uku suka sake bin hujjojin suka ce an zuzuta maganar fiye da abin da aka tabbatar. Na yarda da masu wannan suka ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin malamin da ya sa wa fure zuciya irin ta mutum yana gina tarbiyya a kan abin da zai rushe ranar da yaron ya shiga ajin kimiyya. Sai dai maganata ba ta tsaya a kan cewa fure yana da kirki ba. Abin da dajin ke nunawa, kuma gaskiya ne tsantsa, shi ne dogaro: fure bai isa ba sai da ƙudan zuma, iri bai isa ba sai da tururuwa, kuma idan ɗaya ya ɓace ɗayan ya shiga uku. Kirkin kuwa daga wajen yaron zai fito, domin a duk dajin shi kaɗai ne zai iya kauce wa fure alhali kaucewar ba ta ƙare shi da komai ba. Wannan bambanci shi ya kamata a nuna masa, ya san cewa an ba shi abin da ba a ba tururuwa ba.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Wa ya ce wanda ya tausaya wa fure zai tausaya wa mutum? Duniya ba ta rasa masu lambun furanni da ke zaluntar masu yi musu ban ruwa ba. Akwai ɗan abin da ke nuna alaƙa. A wani gwaji da Paul Piff da abokan aikinsa suka fitar a 2015, an sa wasu ɗalibai a jami'ar Berkeley su ɗaga kai su kalli dogayen itatuwan turare na minti ɗaya, wasu kuma su kalli wani dogon gini. Sai mai gwajin ya zubar da biro da yawa kamar bisa kuskure, kuma masu kallon itatuwa suka fi tsince masa. Amma waɗannan manya ne, minti ɗaya ne, bambancin kuma ba mai yawa ba ne, saboda haka ba zan ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Gaskiyar magana, tausayin fure ba ya tsallakawa zuwa ga mutum da kansa, sai babba ya gina masa gada. Kuma gadar tana nan a cikin fitar ita kanta. Hanyar daji a wannan lokaci laka ce da santsi da saiwoyi. Idan an ce kowa ya bi turba kada a taka fure, dole babba ya riƙe hannun ƙarami, dole mai sauri ya jira mai nawa, dole a ɗauki jakar wanda ya gaji. Malamin da ya san aikinsa yakan haɗa ɗan shekara tara da ɗan shekara biyar ya ce wannan amanarka ce har mu dawo. Idan an koma makaranta kuma ya yi tambayar da ta haɗa biyun: yau kun ga abin da ake takawa ba a sani ba, to a ajin nan wa muke wucewa ba mu gani ba? In ba a yi wannan tambaya ba, an dai yi yawon buɗe ido. Ya kamata in ƙara da cewa hani ba shi ne manufa ba. Yaron da ba ya jin komai a daji sai kar ka taɓa, kar ka tsinka, zai tsani dajin ne kawai. Akwai furannin da ke cike da filaye suna sake fitowa bayan kwana biyu, a bar shi ya tsinke su ya kai wa mahaifiyarsa. Sanin wanda zai jure da wanda ba zai jure ba, shi ma lura ne.

Suka ta uku daga gida za ta fito, kuma ina jin ta tun kafin a faɗa. Mai sauraro a Gusau ko Tawa zai ce wannan ai hirar masu ƙoshi ce, mu da muke fama da yaran da ba su da aji ballantana dajin furanni. Ban raina wannan magana ba. Amma ku tuna binciken garuruwa shida: abin da Turawa ke nema su dawo da shi ta hanyar makarantun daji, wato a ba yaro amanar wani rai, mu muna da shi tun kaka da kakanni a raino da kiwo da gayya. Matsalarmu ta rabu biyu. A gidajen masu hali na birni yara sun fara tashi ba wanda ya dogara da su, daga mota sai aji sai waya, komai ɗan aiki ke yi. A ɗaya gefen kuma akwai yarinyar da aka ɗora wa talla tun safe har dare, wadda nauyin da ke kanta ya wuce tarbiyya ya koma zalunci, ya kuma hana ta karatu. Amanar da ke gina yaro ita ce wadda ta yi daidai da ƙarfinsa kuma babba yana kusa. Ta fuskar abin koyarwa kuwa, ba sai mun nemi bulubel ba. Gawo yana tsaye a gonakinmu yana yin abin da itatuwan Turai ke yi wa furanninsu, sai dai shi da damina yake zubar da ganye, haske ya isa ga gero da dawa a gindinsa, ganyen ya zama taki, sannan da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya a lokacin da babu ciyawa. Kuma babban misalin lura a ƙasar Hausa ba a littafi yake ba. A 1983 a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka fara zaɓar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su rage sauran, su kare su daga gatari da bakin akuya. Da wannan dabara, wadda wasu manoman ma sun san ta tun da, aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba dashe aka yi ba. An dai ga abin da ake takawa, aka bar shi ya rayu. Uban da ya nuna wa ɗansa toho ɗaya a gona ya ce wannan naka ne, kai za ka kewaye shi da ƙaya, ya ba shi darasin da ake kai yaran Ingila daji su ɗauka. Addini kuma ya riga ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka, ya kuma yi albishir da lada ga wanda ya shuka abin da ko tsuntsu ne ya ci.

Akwai wani irin taimako da furannin nan ke koyarwa wanda ba na son mu rufe fili ban ambace shi ba, wato taimakon wanda ba za ka taɓa haɗuwa da shi ba. A 1736 wani mai gonaki a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da furanni ke buɗewa da ranar da itatuwa ke toho kowace shekara, zuriyarsa suka ci gaba da rubutun har 1958. A garin Concord na jihar Massachusetts, marubucin nan Henry David Thoreau ya yi irin wannan aiki a shekarun 1850, yana yawo yana rubuta ranar furen kowane tsiro. Bayan fiye da shekara 150, Richard Primack na jami'ar Boston da abokan aikinsa suka ɗauko waɗannan takardu suka kwatanta da abin da ke faruwa yanzu. Wani bincikensu da ya fito a 2019 ya nuna cewa saboda ɗumamar yanayi itatuwan Concord suna yin ganye kusan mako biyu da wuri fiye da zamanin Thoreau, amma furannin gindinsu ba su matso fiye da kimanin mako ɗaya ba. Wato 'yan makonnin hasken nan da rayuwarsu ta rataya a kai suna ƙara tsukewa. Da Thoreau bai durƙusa ya rubuta ba, da babu ma'aunin da za a gane haka. A yau ƙungiyar Woodland Trust ta Birtaniya tana karɓar irin wannan bayani daga jama'ar gari, har da 'yan makaranta. Wannan aiki ne da kowace firamare a Katsina ko Magarya za ta iya yi ba tare da kasafin kuɗi ba: littafi ɗaya da biro, a rubuta ranar ruwan farko, ranar da gawon bakin makaranta ya fara zubar da ganye, ranar da shamuwa ta iso, 'yan aji shida su miƙa wa 'yan aji biyar idan za su fita, kowace shekara da sunan yaran da suka riƙe shi.